Daga Ayarin Raƙuma Zuwa Jirgin Sama: Filin Jirgin Kano a Tarihin Mutanen Kura da Bunkure

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ko Bunkure ya san irin safiyar da ake wayar gari da motoci a ƙofar gidan maniyyaci. Mata na ta kai da kawowa a cikin gida, dattawa na zaune a zaure suna sa albarka, yara kuwa tuni sun cika bayan a-kori-kura tun kafin a ce su hau. Daga nan sai a ɗauki hanyar Zariya a nufi arewa, a wuce Karfi, a haye gadar Tamburawa, a shiga Na'ibawa, a ratsa birni har a dangana da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Daga garin Kura tafiyar kimanin kilomita 30 ce zuwa cikin Kano, amma ga iyayenmu da kakanninmu nan ne bakin duniya, domin daga nan ake tashi sama a bar ƙasar haihuwa.

A shekarar 2025 aka cika shekara ɗari cif da saukar jirgin sama na farko a Kano. Wannan ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa ta mujallarmu mu waiwayi tarihin wannan fili, tunda masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Za mu duba yadda aka kafa shi, da yadda ya bunƙasa, da yadda ya ja da baya, da kuma irin cuɗanyar da ke tsakaninsa da mu mutanen yankin noman rani. A ƙarshe kuma za mu tsaya a kan wata tambaya da ta shafi aljihun kowane manomi a cikinmu: me ya sa filin da ya shekara da shekaru yana ɗaukar mutanenmu bai zama hanyar fitar da amfanin gonarmu ba?

Kafin Zuwan Jirgi

Ba jirgin sama ne ya fara haɗa ƙasarmu da duniya ba. Tun a ƙarni na 19 sunan Kura ya riga ya ƙetare Sahara ta dalilin rini da bugu. Masaƙa kan saƙa sawaye sirara, maɗinka su harhaɗa su, a kai marina a tsoma su cikin baba sau da yawa har su yi baƙi wuluk, sannan mabuga su buge su da shuni har su riƙa walƙiya. Wannan shi ne turkuɗi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke darajantawa ƙwarai, suna naɗa shi a ranakun biki da taro. Fatake kan ɗora shi a kan raƙuma su bi ta Damagaram su kai Agadas, daga can kuma ya watsu cikin hamada. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin ƙasar Kano ke kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu.

Akwai abin lura a nan da za mu sake komawa kansa. Raƙumi dabba ce mai tsadar haya, kuma kayan da yake iya ɗauka ƙayyadadde ne. Saboda haka magabatanmu ba su ɗora masa ɗanyar auduga ko ganyen baba ba. Sai da suka sarrafa su, suka mayar da su abu marar nauyi mai tsada, wanda ribarsa za ta biya wahalar tafiyar watanni.

Hanya ta biyu da ta fitar da mutanenmu ita ce ta aikin Hajji. A da, mai niyya yakan raba gadonsa, ya yi sallama da dangi sallamar da ba lallai a sake ganawa ba, sannan ya nufi gabas a ƙasa: Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin sai an riƙa tsayawa ana ƙwadago ana tara guzuri. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Sennar a Sudan a 1925, aka buɗe babban shirin noman rani na Jazira, Hausawa mahajjata da yawa sun yi aikin tsinkar auduga a can don su sami kuɗin ƙarasawa. Wasu sun isa Makka sun dawo da furfura, wasu sun rasu a hanya, wasu kuma sun yi zamansu, jikokinsu na can har yau. Ke nan kakanninmu sun ga ruwa na gudu a magudanar da ɗan Adam ya gina a ƙasar wasu, kusan shekara hamsin kafin irinsa ya iso ƙofar gidansu.

Saukar Farko da Zamanin da Kano Ke Zango

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan sama na Ingila guda uku suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango. Ƙananan jirage ne masu fukafukai hawa biyu, kowanne mutum biyu yake ɗauka. Wannan tafiya ce ake ƙirgawa a matsayin mafarin sufurin sama a Najeriya.

A 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kamfanin Imperial Airways ya fara jigila a kai a kai tsakanin Khartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma aka miƙa hanyar zuwa Ikko. Idan muka duba zangunan wannan hanya, wato El Obeid, El Fasher, Geneina, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, da Maiduguri, za mu ga kusan sawun mahajjatan ƙasa jirgin ya bi. Tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta 'yan kwanaki, sai dai a lokacin wasiƙu da jami'an mulkin mallaka ne ke cin moriyarta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga darajar filin. Da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Chadi da Sudan zuwa Masar. Tsakanin 1940 da 1943 jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya. Dole ta sa aka faɗaɗa filin, aka inganta titin sauka, aka tanadi ma'ajiyar mai da na'urorin sadarwa.

Bayan yaƙi, Kano ta ci gajiyar wurin da Allah ya ajiye ta. Jiragen fasinja na wancan zamani masu farfela ne, ba sa iya tashi daga Turai su kai tsakiya ko kudancin Afirka ba tare da sun sha mai a hanya ba. Kano kuwa ita ce babban gari na farko bayan an ƙetare Sahara. Don haka BOAC na Ingila, da Sabena na Beljiyam mai zuwa Kwango, da KLM na Holan wanda ya fara zuwa a 1947, duk suka mayar da ita zango. A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinjoji. Hotunan wancan lokaci sun nuna wani mutum bisa raƙumi riƙe da kakaki, wanda yakan busa idan jirgi ya doso. A wannan fili raƙumi da jirgi suka yi musayar aiki a zahiri.

To amma ina mu a wannan zamani? Gaskiya ita ce, ga mutumin Kosawa ko Gurjiya na shekarun 1950, jirgi abin kallo ne a sama. Yakan ɗaga kai daga kan kunyar gyaɗa ya ga wucewarsa, ya koma bakin aikinsa. Gyaɗar da yake nomawa ta jirgin ƙasa take tafiya, wanda ya iso Kano tun 1911.

Jirgin Alhazai da Ruwan Tiga

Aikin Hajji ne ya shigar da talaka cikin filin jirgi. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar mahajjata da aka fi sani da WAPA, wadda unguwar Wapa ta Fagge ta samo sunanta daga gare ta. Da motoci suka fara, daga baya harkar ta koma sama. A 1955 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi Hajjinsa na farko, daga nan kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara sa hannu cikin tsara tafiyar. Duk da haka, a waɗannan shekaru kujerar jirgi ta sarakuna ce da manyan 'yan kasuwa da malaman da suka sami mai biya musu.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali a wajenmu, kuma kusan tare suka zo. Na farko kuɗin man fetur, wanda ya ƙarfafa naira a shekarun 1970 har kujerar Makka ta zama abin da matsakaicin mutum zai iya tarawa. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 kuwa mahajjatan Najeriya sun haura dubu ɗari. Na biyu shi ne ruwa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya mayar da hankali ga gina madatsun ruwa. An yi ta Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan tsakanin 1971 da 1974 aka gina madatsar Tiga, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga Tiga aka jawo babbar magudana da rassanta zuwa filayen Kura, Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kimanin hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya shirin ya koma hannunta.

Ba za mu ɓoye cewa wannan aiki ya zo da nasa raɗaɗin ba. An tashi garuruwa a inda ruwan Tiga ya kwanta, an sake yanka gonaki, wasu sun sami ƙasa da abin da suka bayar, wasu kuma sun sayar da nasu ga masu kuɗin birni. Amma ga wanda gonarsa ta tsira, rani ya daina zama lokacin zaman banza ko tafiya cin rani. Alkama da tumatir da albasa da masara, daga baya kuma shinkafa, suka zama kuɗi a hannu a watannin da a da ba a san su da komai ba sai ƙura. Hana shigo da alkama daga waje da gwamnatin Janar Babangida ta yi a 1987 ya ƙara wa manomanta ƙarfi na 'yan shekaru. Idan muka bi gidajen garuruwanmu muka tambayi yadda Alhaji na farko a gidan ya sami kujerarsa, amsar da za mu fi ji ita ce kaka ta yi kyau, ko tumatir ya yi kuɗi a shekarar. Ruwan Tiga ne ya biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin jirgi.

Yadda Muke Ratsa Filin

Matasan yau, masu sayen tikiti ta wayar hannu, zai yi wuya su gane yadda tafiyar take a shekarun 1970 da 1980. Maniyyaci yakan fara da allurar rigakafi da katinta, da hoton fasfo, da bita a wurin malamai. Idan aka kira sawunsu a rediyo sai a ɗunguma zuwa sansanin alhazai. A nan ne ake gane cewa kiran sawu daban, tashin jirgi daban. Akan kwana biyu, akan kwana biyar, wani lokaci fiye, ana jiran jirgi ko ana jiran hazo ya washe. 'Yan rakiya kan shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, masu abinci da masu shayi da 'yan canji su kafa kasuwa, gari guda ya tashi a bakin waya. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Kura ba sai ga ta riƙe da jakar hannu, an ɗaura mata guzuri a ƙugu, ana ta nanata mata kada ta saki hannun abokiyar tafiyarta. Idan jirgin ya ɗaga, 'yan rakiya kan bi shi da ido har ya ɓace, sannan a juyo gida jiki a sanyaye.

Dawowa kuwa biki ce. A kwana a fili ana jiran saukar jirgi, a yi ta leƙe ta cikin waya ana neman fuskar da aka sani a cikin fararen kaya. Ga jiran uwar jaka, wadda wani lokaci sai bayan mako take isowa. Ga tsaraba: ruwan zamzam, dabino, bagaruwa, carbi, darduma, hula da kallabi, da ɗan abin leƙen nan mai hotunan Makka da Madina da yara ke rububi. Ga haƙorin Makka da ke walƙiya idan Hajiya ta yi murmushi. Ta wannan ƙofa ce kuma abubuwa da yawa suka shigo rayuwarmu, tun daga jallabiya da agogo da rediyo har zuwa littattafai da sabon salon ginin masallaci. Ta nan ne kuma 'ya'yanmu suka fita neman ilimi a Madina da Alƙahira da Khartum, 'yan kasuwarmu suka koyi hanyar Jidda, daga baya Dubai da Sin.

Ranakun Baƙin Ciki

Tarihin wannan fili bai rasa ranakun da ba a son tunawa. A ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin BOAC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa cikin hadari, mutum 32 suka rasu. A farkon Oktoba na 1966, lokacin rikicin da ya kai ƙasar nan ga yaƙin basasa, sojojin da suka yi bore sun kashe 'yan ƙabilar Ibo da ke jiran jirgi a filin, abin da ya zama tabo a tarihinmu baki ɗaya.

Ranar da ta fi girgiza gidajen Musulmin ƙasar nan ita ce 22 ga Janairu, 1973. Wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan, wanda aka yi haya don dawo da alhazai daga Jidda, an karkato da shi zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi a Ikko. Wajen sauka ya sauka daga kan titi ya kama da wuta. Daga cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Sai kuma ranar 4 ga Mayu, 2002, da jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja bayan tashinsa, sama da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba.

Yadda Zango Ya Zama Tasha

Filin da a shekarun 1950 ke cikin manyan mahaɗun jiragen Afirka a hankali ya koma tashar yanki, kuma dalilan a fili suke. Na farko, jiragen zamani masu dogon zango sun daina buƙatar shan mai a hanya, sai suka riƙa wucewa ta samanmu. Abin da ya faru da garuruwan ayari lokacin da jirgin ƙasa ya zo, shi ya faru da Kano a nan. Na biyu, komawar gwamnatin tarayya Abuja a Disambar 1991 ta ja jami'ai da ofisoshin jakadanci da kamfanonin jirage zuwa can. Na uku, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ke kawo baƙi da kaya, da yawansu sun durƙushe tun daga tsuke bakin aljihun 1986 da matsalar wutar lantarki. Na huɗu, kamfanin jiragen sama na ƙasa ya daina aiki a 2003. Na biyar, jihohin da a da alhazansu ke tashi daga Kano, irin su Katsina da Jigawa, sun sami filayensu. A 2012 KLM ya janye, bayan shekara 65 yana sauka.

Ba a ce filin ya mutu ba. 'Yan kasuwar Arewa sun shiga harkar da ƙarfinsu, tun daga Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a farkon shekarun 1980, har zuwa Max Air da Azman Air. An gina sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje da rancen ƙasar Sin, kuma a 2022 Qatar Airways ya fara sauka. Sai dai ita kanta kujerar Makka ta yi wa manomi nisa. A 1996 annobar sanƙarau ta sa Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga, a 2020 da 2021 cutar korona ta hana na ƙasashen waje baki ɗaya, amma waɗannan na shekara ɗaya ko biyu ne. Faɗuwar darajar naira ita ce shingen da ya daɗe: a 2025 kuɗin kujera ya haura naira miliyan takwas. Kwandon tumatir nawa ke nan, a kasuwar da wata rana kwandon ba ya biyan kuɗin motar da ta kawo shi?

Abin da Jirgi Bai Ɗauka Ba

Wannan ya dawo da mu ga tambayar da muka fara da ita. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir, lokacin da kaya ke yin yawa, dillalai su karya farashi, abin da bai samu shiga motar Kudu ba ya ruɓe a bakin titi. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta zo daidai da shekarar da tsutsar nan mai cin ganye ta cinye gonaki, kuma tun daga lokacin ta sha tsayawa da tashi. Ganin haka wasu kan ce, ga filin jirgi a kusa, me zai hana a kwashi tumatir zuwa waje?

Amsar tana cikin darasin turkuɗi. Jirgin sama raƙumin wannan zamani ne: hayarsa da tsada, kuma da awo yake karɓar kaya. Ɗanyen tumatir yawancinsa ruwa ne, ga nauyi ga arha, shinkafa ma haka, don haka hanyarsu mota ce da jirgin ƙasa da masana'anta. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 ita ta dace da irin su riɗi da zoɓorodo da busasshen kaya masu tafiya ta teku. Abin da ke hawa jirgin sama shi ne marar nauyi, mai tsada, mai saurin lalacewa: ɗanyen wake, kuɓewa, attaruhu, ganyaye da furanni.

Wasu ƙasashen da ba su fi mu ruwa ko ƙasa ba sun gwada. Kenya ta gina babbar kasuwar furanni da kayan lambu zuwa Turai ta filin jirgin Nairobi, Habasha ma ta bi sawu ta Addis Ababa. Misalin da ya fi kama da mu shi ne na Burkina Faso, ƙasar da ba ta da teku. Tun daga shekarun 1970 ƙungiyoyin manoman rani na gefen tafkin Bam, sama da kilomita 100 daga Wagadugu, suka riƙa noma ɗanyen wake ana kai shi Faransa ta jirgin sama a lokacin sanyin Turai. Daga baya kasuwar ta ja da baya saboda tangarɗar jigila da gasar wasu ƙasashe, wanda shi ma darasi ne: kayan lambu ba ya jiran jirgin da ya makara kamar yadda maniyyaci ke jira.

Akwai kuma batun amana. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Mai saye a waje yana son ya san gonar da kaya ya fito, da irin maganin da aka fesa, da ranar da aka fesa shi. Yana son kaya iri ɗaya, a tsince da asuba, a tantance, a sa a ɗakin sanyi, a kai fili cikin mota mai sanyi, da takardar shaidar lafiyarsa. Manomi mai rabin eka ba zai iya wannan shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magabatanmu ma ba mutum ɗaya ke yin turkuɗi ba: da masaƙi, da maɗinki, da marini, da mabugi, da fatoma mai saukar da baƙi, kowa ya tsare amanar sashensa, har sunan Kura ya zama shaidar inganci a kasuwar Agadas.

Kammalawa

A cikin shekara ɗari, filin jirgin Kano ya ga sojan Ingila, ya ga fasinjan Turai mai shan iska kafin a gama zuba mai, ya ga dubban iyayenmu cikin harami. Mu mutanen wannan yanki mun shige shi muna masu biyan kuɗin kujera, da kuɗin da ruwan Tiga ya ba mu. Abin da ya rage shi ne mu shige shi muna masu kaya.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da 'ya'yanmu da suka karanci aikin gona da kasuwanci, da attajiranmu da suka san hanyar Jidda da Dubai, da su zauna su fara da kaɗan: amfani ɗaya ko biyu, manoma ƙalilan masu kiyaye ƙa'idar feshi, ɗakin sanyi guda mai aiki da hasken rana, da mai saye tabbatacce kafin a zuba iri. Muna kuma roƙon dattawanmu da suka yi Hajji a shekarun farko, da waɗanda suka gaji marina da mabuga, su ba matasa labarinsu a rubuta tun suna raye, domin yawancin abin da ya shafi garuruwanmu a wannan tarihi yana cikin ƙirjinsu ne kawai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.